Giwa a Garin Wani

Sun ce giwa a garin wani zomo ce.
Na sauka Lampang da jaka ɗaya da takardar yabo,
ni da malamai kan nuna in tambaya ta gagari aji,
sai ga ni ban san yadda ake cewa ruwa ba.

Ranar farko a asibitin giwaye
aka miƙa mini bokiti da shebur.
Tsoho Kampan ya dubi farar rigata,
ya dubi tulin kashin da ke turiri a ƙasa,
bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Buaban ta ja gungume a kan duwatsu shekara arba'in,
idonta na hagu ya koma fari kamar nono.
In zan zo ta wannan gefen sai na yi gyaran murya,
kamar mai shiga ɗakin kaka.
Kampan ya koya mini auna zazzaɓinta:
a jira ta kasayar, a soka ma'auni cikin ɗuminsa.
Littafin da na haddace bai faɗa mini haka ba.

Da yamma Pa Janpeng, mai gidan da nake haya,
kan kira ni Tasanla, harshenta ya ƙi Tasalla.
Ta sayi sabon kasko, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi,
ta nuna alade, ta nuna kaskon, ta kaɗa kai.
Ban roƙe ta ba.

Ta fere gwanda ɗanya shar,
irin wadda a gidanmu ko tsuntsu ba ya kula ta.
Tafarnuwa, lemun tsami, ruwan kifi, sukarin giginya.
Ta ɗaga barkono, ta tambaye ni da yatsu.
Na ɗaga biyar, ni 'yar gidan yaji.
Na ci da hawaye da majina,
na cusa shinkafa mai danƙo, wutar ba ta mutu ba.

Da ta ba ni taɓarya sai hannuna ya tuna gero.
Bugu uku, turmin yumɓu ya rabe biyu.
Ta zauna a ƙasa tana dariya har da tari,
sannan ta riƙe wuyan hannuna:
ƙwanƙwasawa ake yi, kamar ƙofar maƙwabci.
Kuɗin turmin har yau ba ta karɓa ba.

Da dare wata tsaka mai girman damo
tana kiran sunanta daga bayan kabad.
Janpeng ta ce in ta kai bakwai, sa'a ce.
Ina kwance ina ƙirgawa,
tawa kullum a shida take shiru.

A Phrae na tsoma hannu a tukunyar shuni,
warin ya kai ni karofin kakana kafin in ƙifta ido.
Matar ta ce tukunya rai gare ta, tana jin yunwa, tana fushi.
Haka shi ma yake faɗa,
alhali ko sunan garin juna ba su taɓa ji ba.

Bayan asibiti akwai rumfa
inda ake wanke kashin giwa, a dafa, a tace a rariya,
a shanya a rana ya zama takarda.
Tawa ta fito da kauri a gefe ɗaya, da ɓurɓushin ciyawa.
A kanta nake rubuto maka, Baba.
Farcena har yanzu shuɗi ne.
Jiya na manta ban yi gyaran murya ba,
Buaban ta miƙo hanci ta laluba aljihuna,
inda tsamiyarta take.

Ka shinshina takardar in ka ga dama.
Sai na dawo zan faɗa maka da me aka yi ta.